Atamfar Baba Soja

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Juma'a, ina tsaye cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa daga unguwar Tianhe zuwa ta Xiaobei a nan ƙasar Sin, saƙon murya ya shigo wayata daga Damagaram. Hajiya Zara'u ce, wata 'yar kasuwa da na yi wa zanen atamfa. A can wajensu safiya ce. Na manna wayar a kunne saboda hayaniya.

"Nafisa, akwai matsala. Na kai wa Baba samfurin. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ture shi gefe, ya juya wa mutane baya. Ko kunun safe bai sha ba. Ya ce in wannan za mu ɗaura, to mu yi taronmu ba da shi ba."

Ranar Litinin kamfanin buga atamfar zai fara aikin. In ya wuce Litinin ɗin, sai bayan hutun sabuwar shekarar Sinawa, lokacin da masana'antu ke rufewa kowa ya tafi ƙauyensu. Atamfar kuwa ta taron Ƙaramar Salla ce, wanda 'ya'ya da jikoki suka shirya don karrama tsohon tun yana da rai. Mutumin ya haura shekara casa'in. Ba wanda zai ce masa ya jira wata Sallar.

Zan dawo kan wannan. Na fara da shi ne saboda ku da kuka zo karatu bana, kuke tare ni a bakin ɗakin karatu kuna cewa, "Anti Nafisa, ki sa mu a hanya mana, ai zane ne kawai a kwamfuta." Ni ma ɗaliba ce kamar ku, har yau ban gama ba, kuma da wannan sana'a nake riƙe kaina tun shekarata ta biyu a garin nan. Ba na iya dogon bayani da baki, kun sani. Shi ya sa na rubuta.

Aikin shi ne atamfar anko. Mai biki, ko ƙungiyar mata, ko makarantar da ta yi shekaru, sukan so a buga musu tasu ta kansu. Ɗan kasuwa ya karɓi odar a gida, ya kawo nan. Ni nake zana ta, in rarraba launuka, in kai kamfani, in tsaya har a loda a kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Kowane launi yana da nasa bututun ƙarfe mai ƙananan huji, mu muna ce masa ganga. Yadi na gudu a ƙarƙashin gangunan, kowace tana zuba nata launin. Abin da za ku fara riƙewa shi ne, in an yanka ganga an yanka ke nan. Kuskuren da ke cikinta zai maimaita kansa a kowane yadi na kowane turmi, ya shiga jirgin ruwa, ya sauka a jikin mata ɗari yana yawo a gari.

Wadda ta koya mini wata mata ce 'yar zangon Kumasi, Mama Adiza. Tana da ɗan ofis a ɗaya daga cikin dogayen benayen Xiaobei, tsakanin mai sayar da jakunkuna da wani wakilin kaya. Ranar da na fara zuwa na buɗe kwamfutata don in nuna mata abin da na iya. Ko kallo ba ta yi ba. Ta turo mini bokiti da ƙafa, ta miƙo sabulu da wani ƙyalle.

"Kai, wanke wannan," in ji ta. Mutanen zango ba ruwansu da "ke", kowa "kai" ne.

Na wanke. Ruwan ya koma ja kamar zoɓo.

"To ka gani? A kwamfuta ba ya zuba."

Wata biyu na yi ina wanki. Kayan aikina har yau su ne waɗanda ta haɗa ni da su: bokiti, sabulun wanki irin na gida wanda ba ya tausayin launi, tef na awo, ɗan madubin da ake ƙirga zare da shi, da littafin launuka na ƙyalle. Ba a duba launi a ƙarƙashin fitilar kamfani. Fitilarsu tana sa kowane shuɗi ya yi kyau. Ana fita da ƙyallen waje ne, a duba shi a rana, sannan a tuna cewa ranar Kano ta fi ta nan zafi.

Aikin farko da ta bar mini ni kaɗai na wata ƙungiyar mata ce da ke son hoton shugabarsu. Na jera fuskar a tsakiyar yadi, layi ɗaya, tsaf. Mama Adiza ta sa aka buga a takarda, ta ɗaura takardar a ƙugunta kamar zani, ta juya mini baya, ta zauna daram a kan fuskar shugaba.

"Haka kake so su yi mata a ranar taro?"

Daga nan na koyi cewa ba a zana atamfa don a shimfiɗa ta a tebur. Tela zai yanka, mace za ta ɗaura, ta zauna, ta goya yaro. Dole ki san inda fuska za ta faɗa, da inda almakashi zai bi. Dole ki tuna matanmu da yawa ba sa salla da tufafi mai hoton mutum, don haka in kin cika shi da fuskoki, sau ɗaya za a sa shi a jefa a ƙasan akwati. Rubutun bakin atamfa kuwa sau uku nake karanta shi, ɗaya daga ciki daga ƙarshe zuwa farko, don mai yanka ganga bai san Hausa ba, abin da ya gani shi zai kwafa.

Shekarar annoba ita ce mummunar shekararmu. Aka rufe hanya, 'yan kasuwa suka daina zuwa. Xiaobei da kullum sai ka rinƙa kaucewa masu tura kaya ta zama shiru, gidajen abincin da muke cin tuwo suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Biki ma ya tsaya a gida, wa zai yi anko? Ɗan aikin da ake samu duk ta waya ne, kuma waya maƙaryaciya ce a kan launi. Wani Alhaji a Kantin Kwari ya amince da ruwan goro a wayarsa, da kaya suka isa ya rantse ja ya gani. Mama Adiza ta tafi gida da aka buɗe hanya, ba ta dawo ba. Ta bar mini bokitin da sunayen mutanenta. Tun daga shekarar na kafa wa kaina doka: ba na sa a yanka ganga sai mai kaya ya riƙe samfurin ƙyalle a hannunsa. Wannan dokar ce ta sa samfurin Hajiya Zara'u ya je har Damagaram.

Hajiya Zara'u tana cikin na farkon da suka dawo. Doguwar mace ce mai murya, tana ciniki da Hausa da Faransanci da yatsu. Muka zauna a wani gidan abinci, ta ciro wani tsohon hoto daga jaka. Saurayi ne siriri cikin kakin soja, hularsa ta yi masa yawa.

"Mahaifina ke nan. Baba Soja ake ce masa. Faransa ta kwashe su tun yana yaro ta kai su yaƙin Indoshin. Ina son atamfar da duk wanda ya gani zai san jarumi ne ya haife mu. Ki sa igwa, ki sa jirgin sama, ki sa lambobinsa na girma. Ki rubuta a baki cewa ya je ya ci yaƙi ya dawo."

"Hajiya, a wane wuri ya yi yaƙin?"

"Wani kwari ne mai suna kamar ƙarar kwano. Diyen Biyen Fu. Iyakar abin da muka sani ke nan, shi ma a takardarsa ta sallama muka gani. Ba ya maganar."

Ni kuwa ba na zana abin da ban karanta ba. Na yi kwanaki a laburaren makaranta. Wurin yana arewacin Vietnam, ba shi da nisa sosai da iyakar ƙasar nan. Faransa ce ke mulkin mallaka a can kamar yadda take yi a Damagaram. Ta tara sojojinta a cikin wani kwari da duwatsu suka kewaye, har da 'yan Afirka, tana ganin ba mai iya hawo da manyan bindigogi kan waɗannan duwatsu. Mutanen ƙasar suka hawo da su. Suka tsare kwarin, sai ta sama ake jefo wa na ciki abinci ɗaure da laima, har ƙarshe suka miƙa wuya. Daga wannan yaƙin Faransa ta tattara ta bar ƙasar.

Na gaya wa Hajiya a hankali cewa ɓangaren Baba ba su ne suka ci ba.

"Ke 'yar boko! Wa zai tsayar da mace a titi ya tambayi zaninta wa ya ci? Ya je ko bai je ba?"

"Ya je."

"Ya dawo ko bai dawo ba?"

"Ya dawo."

"To ai ya ci."

Muka daidaita a kan a rubuta "ya je ya dawo" kawai. Na yi zanen, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya yi kyau. Ƙasan shuɗi ne mai duhu. Hoton Baba a cikin da'ira can kusa da baki, inda ba za a zauna masa ba. Igwa biyu a gicciye, da lambobinsa a ƙarƙashinsu. Sannan fararen laimomi suna saukowa daga sama, manya da ƙanana, sun bazu ko'ina kamar furanni. Laimomin nan su Hajiya ta fi so. Ta ce ko ba anko ba za ta sayar da su a kasuwa. Ta ɗauki samfurin ta hau jirgi tana ta sa mini albarka. Shi ne bayan kwanaki saƙon nan ya same ni a jirgin ƙasa.

Washegari Asabar na tafi kamfani. Mai shi wani dattijo ne, Lauban Chen. Lauban shi ne maigida a bakinsu. Mun daɗe muna aiki tare, kullum sai ya zuba mini shayi a ɗan kofin da bai fi maƙurwa biyu ba. Na roƙe shi ƙarin mako ɗaya.

"Meyo," ya ce. Kun riga kun san kalmar, babu ke nan. "Ma'aikatana sun sayi tikitin gida. Uwar kowa tana jira. Ki kawo zane Litinin da safe, ko wanne ne, in yanka. In babu, sai bayan hutu."

Ya ja samfurin ya duba, ya yi dariya.

"Me ya same shi? Launi bai zuba ba, layi bai kauce ba. Wa ya ƙi shi?"

"Mai hoton."

"Yana da rai?" Ya ajiye kofinsa. "To me ya sa ba ki tambaye shi ba?"

A sana'ar nan mai biya muke tambaya, kuma masu hoto yawanci ko sun rasu ko 'yan siyasa ne da ba sa ƙin ganin fuskarsu.

Na kira Hajiya na ce ta haɗa ni da Baba. Ta ce za ta gwada. Ranar ba a samu ba. Na ji muryarta tana lallashi, na ji wata tsohuwar murya daga nesa ta ce, "Ba ni da magana da masu zane." Hajiya ta dawo kan waya a fusace.

"Nafisa, ki cire igwar kawai mu buga. Ƙila ita ce ba ya so."

"In ba ita ba ce fa, Hajiya? Turmi nawa za a ɗinka, ya zo ya ƙi fitowa?"

Ita ma ta sani. Taron nasa ne, in ya zauna a ɗaki ba abin da ya rage sai shinkafa da kujeru.

Ranar Lahadi bayan la'asar ɗinmu ta sake kira, da hoto wannan karon. Ta ce ta same shi yana shan hantsi, ransa ya ɗan yi sanyi. Ta riƙe wayar a gabansa. Tsoho ne ƙanƙani a kan tabarma, farar hula, idanunsa sun yi fari-fari amma suna kan wayar sosai. Na gaishe shi. Na tambayi jiki, na tambayi iyali.

"Wannan Hausar ta Kano ce," ya ce. "Zara'u, duk duniya ki rasa wanda zai yi mini zane sai Bakanuwa? Ai dole ya lalace."

Hajiya ta fashe da dariya. Kun san wasan da ke tsakaninmu da Damagarawa. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ce, "Baba, Bakanuwar ce dai aka nemo tun daga Sin, da ba a samu mai iyawa a Damagaram ba."

Ya yi wata dariya da ta ƙare da tari. Aka ba shi ruwa.

"Ashe kina da baki. To amarya, me kike so?"

"Ina so in san abin da ya ɓata maka rai a zanen."

Ina jin kukan akuya a bayansu.

"Laimomin nan naki," ya ce. "Kin yi su kamar fure. Mu muna cikin rami, ruwa har gwiwa, muna kallonsu suna saukowa da abincinmu, iska tana kai su wajen waɗancan. Wasu kuma mutane ne a rataye, kafin su taɓa ƙasa an gama da su. Akwai wani yaron Tasawa da muke rami ɗaya, kullum shi ke ƙirga su. Bai fito daga ramin ba. Shi ne za a ɗaura wa jikokina su yi rawa?"

Hajiya ta ce, "Baba, ba mu sani ba."

"Ban gaya muku ba, ina za ku sani."

Na bari ya huta. Sannan na ce, "To Baba, in cire laimomin in bar igwar da lambobin?"

"Igwar wa? Lambar me? Yarinya, ƙasar mutane aka kai mu mu tsare wa wanda ya tsare tamu. Ban san haka ba sai da aka kama mu."

"To me zan sa? Gobe da safe za a yanka. Duk abin da ka ce shi za a buga, in kuma ka ce a bari, a bari."

Hajiya ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

"Da suka kama mu, suka tasa mu a ƙafa cikin duwatsu, tafiya ba iyaka. A hanyar nan na ga abin da ya ci mu. Muna ta tambayar kanmu a rami, wa ke ciyar da mutanen nan a kan dutse, ba mota, ba jirgi? Ashe belo ne, abin da ku Kanawa kuke ce wa keke. Layi guda, ba ka ganin ƙarshensa. Kowanne an ɗaura masa buhunan shinkafa har ba ka ganin ƙarfen. Ba hawa ake yi ba, mutum yana gefe yana tura shi, maza da mata, wasu ba takalmi. Na faɗi a gefen hanya, ƙafata ta kumbura. Wani ɗan siriri ya jingine nasa, ya ba ni dunƙulen shinkafa daga aljihunsa. Ya tambaye ni da Faransancinsa mai kama da nawa, a garinku wa ke mulki? Na ce wanda ya kawo ni nan. Ya girgiza kai kawai, ya kama kekensa ya wuce."

Ya gyara zama.

"Da na dawo aka ce in zo a ba ni aikin gadi a gidan kwamanda. Na ƙi. Na kafa rumfa a bakin kasuwa ina gyaran keke. Da shi na ciyar da wannan mai bakin, har ta girma tana jin kunyar a ce ubanta mai faci ne."

"Baba!" in ji Hajiya. "Ni ban taɓa..."

"Kin taɓa. Ba komai."

Wayar ta ɗan karkace, na ga rufin rumfa da sama, na ji tana jan hanci. Da ta daidaita ta sai ta ce, "Yanzu keke za mu ɗaura ranar Salla? Mutane su ce me?"

"Su tambaya. In sun tambaya, ni zan ba su labari. Ai kun ce taron nawa ne."

Hajiya ta share ido da gefen mayafi.

"Nafisa, kin ji. Ki yi abin da ya ce."

Na riga na jawo takarda da fensir. Na zana keke da sauri, na ɗora masa buhuna, na karkata shi kamar yana hawan tudu, na ɗaga wa wayar.

"Haka, Baba?"

Ya matso da fuskarsa har hularsa ta cika wayar. Ya daɗe yana dubawa.

"Buhunan sun yi kaɗan, ki ƙara. Sannan akwai sandar gora da suke ɗaurawa a hannun keken, doguwa, da ita ake juya shi, don kaya ba sa bari ka kai ga hannun. Ki sa ta. In babu sandar nan, amarya, keken yawo kika zana."